Daga Kusko Zuwa Tinta da Littafi a Aljihu

Dankali ne ya kai ni ƙasar Peru. Shekara goma sha ɗaya ina aikin malamin gona tsakanin Bokkos da Mangu, sai Allah ya kawo wani kwas na mako uku a Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima, aka sa sunana. Lima a watan Yuni ba ta da fara'a. Hazo ke rufe sama tun asuba har magariba, ba rana, ba ruwan kirki, sai wani yayyafi da ba ya jiƙa ƙasa amma yana jiƙa riga. A mako na biyu wata abokiyar kwas ɗinmu 'yar Kusko ta ji ina cewa zan leƙa garinsu kafin in koma gida, washegari ta kawo mini wani ɗan littafi da ya sha hannu, fassarar Turanci. Ta ce kowa duwatsun gine-ginen tsohuwar daular Inka ke kai shi Kusko, ni dai in karanta wannan tukuna, in ya so in je in kalli duwatsun. Ta kuma ba ni lambar ƙanenta, malamin firamare, ta ce shi zai yi mini jagora.

Sunan littafin da Sifaniyanci Aves sin nido, wato tsuntsayen da ba su da sheƙa. Wata mata ce ta rubuta shi, Clorinda Matto de Turner, haifaffiyar Kusko a 1852, ya fito a 1889. Na karɓa don kara, na jefa a jaka.

Ciwon kai ne ya sa na buɗe shi. Jirgi ya ɗauke mu daga bakin teku, cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna ya sauke mu a tsayin mita 3,400. Ni da nake taƙama da cewa na saba da tudun Jos, matakala goma na hawa a masauki na ji zuciyata na dukan uku-uku, kaina kamar ana sara da gatari. Mai masaukin ko a jikinta, kullum tana ganin irinmu. Ta ce soroce ne, ciwon tudu, ta kawo mini ruwan zafi da ganyen koka a ciki, ta ce in kwanta kada in yi wani abin a-zo-a-gani sai gobe. Na yi ɗan jim a kan ganyen nan, don sunansa ba ya da daɗin ji a wurinmu, amma a can kamar goro yake a hannun dattawa: ana tauna shi a gona, ana miƙa wa baƙo. Na sha, na yi sallah a zaune, na shige cikin barguna uku da littafin.

Labarin a wani ƙauye ne da marubuciyar ta ƙirƙira ta kira shi Killak. Da sassafe wata mata 'yar asalin ƙasar, Marsela Yupanki, ta zo wurin wata baƙuwar mata mai suna Lusiya tana kuka. Ranar ce masu karɓar bashi za su zo gidansu, mijinta Huwan har ya fara maganar kashe kansa. Da na karanta yadda bashin yake sai na tashi zaune. Ba su ne suka je nema ba. 'Yan kasuwar gashin alfaka (wata dabbar tudu dangin raƙumi) ne ke bi gida-gida suna ajiye kuɗi, kana so ko ba ka so. In ka gudu kan dutse don kada a same ka, za a shiga bukkarka a ajiye a tafi. Shekara na zagayowa mai karɓa zai dawo da 'yan rakiyarsa da sikelinsa mai awo da duwatsu, ya auna gashi laba hamsin ya rubuta ashirin da biyar. Abin da ya rage a kanka bashi ne, in babu a kama dabba, in babu dabba a kama ɗa. 'Yar ƙaramarsu Rosaliya aka ɗauke jingina. Sunan wannan tsari reparto.

Na tuna kakana yana ba mu labarin sikelin 'yan baranda a zamanin gyaɗa, yadda buhu ke rama tsakanin gona da kanti. Amma ko shi bai taɓa cewa an shiga ɗakinsa an ajiye masa bashi yana daji ba.

Wannan rabin kukan Marsela ke nan. Ɗaya rabin na fadan cocin garin ne, Paskuwal Bargas. Surukarta ta rasu, ba su iya biyan kuɗin jana'iza da addu'o'i ba, fada ya riƙe musu dankalin da suka noma. Bayan haka ga layinta ya zo na shiga aikin dole a gidan fada, wanda ake kira mita, inda matan ƙauye ke yin kwanaki suna yi masa girki da wanki. Marsela ba ta faɗi abin da ke faruwa a gidan ba. Cewa kawai ta yi matan da suka shiga, kansu a sunkuye suke fitowa. Wannan 'yar magana ta fi duk dogayen huɗubobin da marubuciyar ta cusa a littafin nauyi, kuma huɗubobin suna da yawa.

Lusiya, da yake baƙuwa ce ba ta san garin ba, sai ta yi abin da mai hankali zai yi a garin da ke da hankali: ta gayyaci fada da gwamnan garin, Sebastiyan Pankorbo, ta roƙe su su sassauta. Kada kalmar gwamna ta ruɗe ku, a can muƙamin bai wuce na hakimi ko dagaci ba. Suka fita suna huci. Wace ce ita da za ta taɓa al'ada? Suka haɗa kai da sauran masu faɗa-a-ji na garin, da dare aka kaɗa ƙararrawar coci, aka baza cewa ɓarayi sun shiga coci sun ɓuya a gidan baƙin nan. Gari ya ɗauka. Huwan ya mutu yana kare ƙofar waɗanda suka taimake shi, Marsela ta samu raunin da ya yi ajalinta. Da aka zo shari'a, wa aka kama? Isidro Campi, talakan da aikinsa kaɗa ƙararrawa, wanda aka ba umarni ya bi. Yana kurkuku ana tatsar shanunsa ɗaya bayan ɗaya daga hannun matarsa da sunan za a fito da shi. Marubucin nan Manuel González Prada, wanda Clorinda ke girmamawa, shi ya ambaci mutum ukun da suka danne ɗan ƙasa a ƙauyukan tudu: alƙali, gwamna da fada. Littafin nan ya ba kowannensu suna da fuska da kwalbar barasarsa.

Washegari kaina ya sake ni, ƙanen abokiyar tawa ya zo. Saurayi ne mai sanyin magana, Turancinsa na lallaɓawa, kuma tun daga gaisuwa ya laƙaba mini Injiniya, don haka suke kiran duk wanda ya karanta aikin gona. Ya zaga da ni. Ba zan ɓata muku lokaci da abin da kowane mai yawon buɗe ido ya riga ya faɗa ba, sai abu biyu. Na farko Korikanca, babban ɗakin bautar rana na Inka, wanda Sifaniyawa suka ɗora cocin Santo Domingo a kansa. Kana tsaye kana ganin ginin ƙasa na duwatsun da aka gyara suka haɗe ba tare da laka ba, ko reza ba ta shiga tsakaninsu, ga na sama zaune a wuyansa. Girgizar ƙasa ta 1950 ta farfasa na saman, na ƙasan bai gusa ba. Na biyu wani zane a babban cocin dandalin gari, na jibin ƙarshe da Kiristoci ke cewa Annabi Isa ya ci da almajiransa, aikin wani mai zane ɗan ƙasar, Marcos Zapata. A tsakiyar teburin, cikin faranti, wata 'yar dabba ce kwance ƙafafu sama, jagorana ya ce kuyi ce. Da ya nuna mini mai rai a kasuwa sai na ga ashe ɓeran Masar ne. Nan ne asalinsa, a nan ake kiwonsa ana ci, bai taɓa sanin hanyar Masar ba. Ni dai kifi da miyar hatsin kinuwa na riƙa ci har na bar garin.

A wannan dandali ne aka kashe Tupak Amaru na biyu, jagoran tawayen 'yan ƙasa a kan Sifaniyawa, ranar 18 ga Mayu 1781, bayan an sa shi ya kalli kisan matarsa Micaela Bastidas da babban ɗansu. An ɗaura gaɓoɓinsa a jikin dawaki huɗu don a yaga shi, abin ya faskara, aka sare kansa. Jagorana ya faɗi wannan muna zaune a benci, yara na bin tattabaru. Sannan ya ce, "Injiniya, in kana son ganin garin littafinka, garin wannan mutumin za mu je. Wuri ɗaya ne."

Tinta ke nan. Tafiyar ta fi kilomita ɗari kudu maso gabas da Kusko, a kan hanyar Sikuwani da Puno, ana bin kwarin kogin Bilkanota. Mun shiga motar haya da sassafe. A Oropesa mata suka yi wa motar caa da wani burodi mai faɗin faifai, muka sayi ɗaya muka ci har muka isa bai ƙare ba. Hagu da dama gonakin sha'ir da masara an girbe, duwatsu sun yi ruwan ƙasa, sama kuwa shuɗi tas irin wanda ban taɓa gani ba. Rana na ƙuna, inuwa na daskarar da yatsu. A wasu filaye na ga an baza dankali a ƙasa kamar an zubar. Cunyo ake yi: sanyin dare ya daskarar da shi, ranar yini ta narkar, a tattake da ƙafa ruwan ya fita, ya bushe ya zama kamar tsakuwa, ya shekara da shekaru a rumbu bai lalace ba. Na yi ta tunanin manomanmu na Bokkos da ke sayar da buhu a wulaƙance da kaka don ba wurin ajiya. Kuma a nan na gane nauyin abin da fada ya yi wa su Marsela. Wanda ya riƙe maka dankali a wannan tudu, cin shekararka ya riƙe.

Tinta ƙaramin gari ne shiru, gidajen tubalin laka da rufin jan kasko, tsohuwar gadar dutse a kan kogi, dandali, da cocin San Bartolome. A nan Clorinda ta zauna kusan shekara goma bayan ta auri wani Baturen Ingila, Joseph Turner, a 1871, har ya rasu a 1881 ya bar ta da bashi. Ta iya Kecuwa, yaren 'yan asalin ƙasar, tun tana yarinya a gonar iyayenta, saboda haka abin da matan ƙauye ke faɗa a bakin kogi ba sai an yi mata tafinta ba. An nuna mini wani tsohon gida aka ce a nan ta zauna. Na tsaya a bakin ƙofar coci na ɗaga kai ina kallon hasumiyar ƙararrawa, na san Killak ƙirƙira ce, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Sai dai sunan da ke bakin mutanen Tinta na Tupak Amaru ne. A watan Nuwamban 1780 ya kama Antonio de Arriaga, jami'in da sarkin Sifen ya ɗora wa yankin Tinta, aka rataye shi a Tungasuka, nan kusa, bayan kwana shida. Cikin abin da ya tayar da shi har da aikin dole a ma'adinan azurfa na Potosi, da kuma wani tsari da jami'ai ke tilasta wa 'yan ƙasa sayen kayan da ba su buƙata a kan farashin da aka ga dama. Sunan tsarin reparto. Bishop ɗin Kusko ya kore shi daga coci, aka murƙushe tawayen da jini mai yawa, hukuma ta soke reparto a takarda. Peru ta sami 'yancin kai a 1821. Shekara ɗari da 'yan kai bayan tawayen, ga wata mata a garin nan tana rubuta wannan kalma dai, an juya ta kawai: da kaya ake ajiye maka a karɓi kuɗi, yanzu kuɗi ake ajiye maka a karɓi kaya.

A nan ne na fara jin haushin littafin, kuma na faɗa wa jagorana muna zaune a kan gadar. Mace ta zauna shekara goma a garin da ya haifi tawaye mafi girma a tarihin mulkin Sifen a yankin, amma 'yan ƙasar da ke littafinta ba mai ɗaga murya. Kuka suke, suna sumbatar hannu, suna mutuwa. Mai ceto kullum baƙo ne mai ilimi daga birni, kuma mijin Lusiya, Farnando, harkar haƙar azurfa ce ta kawo shi garin. Daga ƙarshe ma masu ceton tattara kayansu suka yi suka hau jirgin ƙasa, suka tafi da marayun biyu, suka bar Killak yadda suka same ta. Rabin littafin na biyu kuwa soyayya ce tsakanin Margarita, babbar 'yar Marsela, da Manuwel, agolan gwamna, wadda ta ƙare a wani otal a Arekipa inda asiri ya tonu cewa ubansu ɗaya, tsohon fadan garin da ya zama bishop. Su ne tsuntsayen da ba su da sheƙa. Maganin da marubuciyar ta kawo a gabatarwarta shi ne a bar limaman Katolika su yi aure, a kuma ilimantar da jama'a. Aure zai iya kare matan mita, amma me zai yi wa sikeli?

Jagorana ya saurare ni har na gama. Ya ce sun karanta littafin a sakandare, an yi musu jarrabawa a kansa, har akwai makarantar 'yan mata a Kusko mai sunanta. Ya ce kakarsa kuwa a gandun wani mai ƙasa aka haife ta, ta yi aikin gidan ubangida kyauta kamar yadda uwarta ta yi, har sai da gwamnatin soja ta Janar Velasco ta raba gandaye a 1969. Ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba sai a 1980, don kafin tsarin mulkin 1979 wanda bai iya karatu ba ba ya zaɓe. Ta rasu ba ta san an taɓa yin wata Clorinda ba. "Ba don kakata aka rubuta shi ba, Injiniya," in ji shi. "Ƙara ce aka kai Lima. Mai kai ƙara kuwa da yaren alƙali yake magana."

Na rasa ta cewa. Gaskiya ne, wanda zai sayi littafi a 1889 ɗan birni ne mai jin Sifaniyanci, kuma in ka nuna masa ɗan ƙasa riƙe da majajjawa tsoro zai ji, sojoji zai nema. In ka nuna masa uwa tana kuka, wataƙila ya ji kunya. Ko dabara ce ta yi ko iyakar ganinta ke nan, na bar wa masana. Waɗanda suka biyo bayanta, irin su Jorge Icaza na Ekwado da Ciro Alegría da José María Arguedas na Peru, sun bar 'yan ƙasa sun yi fushi a littattafansu. Amma hanyar da suka bi, da ƙafarta ta fara taka ta.

Kuma ta biya kuɗin takawar. A 1890 tana editar mujallar El Perú Ilustrado a Lima, aka buga wani gajeren labari na wani marubuci ɗan Brazil da ya taɓa Annabi Isa ta hanyar da coci ta ɗauka saɓo ne. Ta ce ba da saninta aka buga ba, ba wanda ya saurare ta, don dama ana jiran ta. Aka kore ta daga coci, aka haramta karanta littafinta, aka ƙona mutum-mutuminta a Arekipa da Kusko, garin da aka haife ta. A 1895 da dakarun Nicolás de Piérola suka ƙwace Lima daga hannun Shugaba Cáceres wanda take goyon baya, aka washe gidanta, aka lalata maɗaba'arta da mata ke aiki a ciki. Ta yi gudun hijira zuwa Buenos Aires, ta koyar, ta kafa wata mujallar, ta rasu a can a 1909.

Kada wani ɗan'uwa ya karanta wannan ya gyara zama ya ce ai dama halin coci ne. Matar nan ba ta bar addininta ba. A gudun hijirar ma Linjila ta zauna tana fassarawa zuwa Kecuwa, don irin su Marsela su ji da kunnensu abin da fada ke karantawa da Latin. Kuma ƙasar da ta haifi irin Paskuwal ita ta haifi Fada Gustavo Gutiérrez, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana cewa wurin coci na gefen matalauta. Abin da ta yaƙa shi ne mutumin da gawar uwarka ba ta shiga ƙasa sai da izininsa, ya san haka, ya sa wa izinin farashi, sannan da yamma ya zauna shan barasa da mai hatimi da mai shari'a. Wannan mutum rigarsa kala-kala ce, kowa ya duba garinsu.

Kafin motar komawa ta cika, aikina ya motsa mini. A gefen dandali wata tsohuwa na zaune a ƙasa, da faffaɗar hula da kitso biyu har baya, ta baza dankali a kan mayafi. Na durƙusa. A tari ɗaya na ƙirga iri bakwai: baƙi, ja, rawaya, mai zane, wani dogo a lanƙwashe kamar ƙahon rago, wani duk ƙulli-ƙulli. Iri dubbai ne a tsaunukan nan, kuma irin waɗannan tsofaffin ne suka riƙe su tun kafin a gina cibiyar da ta ba ni takardar shaida. Jagorana ya gaishe ta da "Mamay", wato innata, ya ce mata baƙo ne daga Afirka, shi ma ɗan dankali ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko ana noma shi a ƙasarmu. Na ce sosai. Ta ce su papa suke ce masa, mu fa?

Na ce dankalin Turawa. Jagorana ya nemi ma'ana, na faɗa masa, ya yi ɗan turus, sannan ya juya mata da Kecuwa.

Tsohuwa ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ta kira maƙwabciyarta mai sayar da cuku ta faɗa mata, ita ma ta fashe. Da ta nutsu ta share ido da gefen mayafi, ta ce a tambaye ni wane Baturen ne, a wace gonar, don ita dai tun tasowarta ba ta taɓa ganin ɗaya riƙe da fartanya ba.

Na san ba za a bar ni in shiga jirgi da ɗanyen dankali ba, amma na sayi kilo biyu, na ce mai masauki ta dafa mana. Ta ɗora a ɗan sikelinta na hannu, ta ɗaga shi daidai idona don in ga allurar da kaina. Ta juye a leda, sannan ta zaɓo guda uku daga baƙaƙen ta ƙara a kai, ta ce, "Yapa." Wannan ban jira tafinta ba, gyara ce. Direba ya danna ham, muka ruga.